Ɗinkin Hannun Hagu

Baban Auta bai taɓa ce mata a'a ba, kuma wannan ce masifar. Da irin mutanen nan ne masu buɗe baki su ce ba za ki je ba, da an san inda za a kama, a turo masa manya su ba shi baki. Shi kuwa idan ba ya son abu, sai ya ce Allah ya sa alheri, ya fita ya karɓo aiki.

Haka ya yi bara, lokacin da Auta ta samu gurbin karatun digiri a sashen tarihi. Ya sa albarka, har ya leƙa ya gaya wa mai walda na jikin shagonsu cewa 'yarsa za ta jami'a. Ba a jima ba sai ga mota ta sauke kujerun wani otal a ƙofar shago. Auta ta dubi kujerun, ta dubi Baba, ta je ta roƙi jami'a a ɗage mata zuwa bana. Aka ɗage, aka kuma ja mata kunne cewa ba a ɗagewa sau biyu. In ba ta zo ta yi rajista bana ba, gurbin ya zama na wani. To ga bana ta zo, saura 'yan kwanaki a fara rajista, sai ga wata motar tana ja da baya zuwa ƙofar shago, ta ɗebo jajayen kujerun wani ɗakin taro, kowacce soso ya leƙo ta gefe.

"Arziki ne ya zo da ƙafarsa," in ji Baba, yana kallon tayar motar. "Ai ba a korarsa."

"Allah ya sa alheri," in ji Auta.

Da gangan ta mayar masa da maganarsa, ya kuma ji sarai, amma ya yi kunnen uwar shegu, ya shiga nuna wa masu sauke kaya inda za su jibge.

Shagon gyaran kushin ne, ɗaki ɗaya dogo mai warin gam, soso jingine da bango har rufi, keken ɗinki a bakin taga inda haske ya fi. Aikin a rabe yake. Baba ke farke kujera, ya auna, ya zana da alli, ya yanka, ya ja yadi ya buga ƙusa. Auta ke kan keke tun da ta gama sakandare, duk shekarun da ƙawayenta suka yi suna karatu har wasu suka gama. Yayanta direban babbar mota ne, sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba, yayarta kuma tana ɗakin mijinta a wani gari. Ita ce ta rage, kuma ita ce ta iya.

Akwai abin da ba a faɗa a shagon: idon Baba ya daina ganin kafar allura. Hannunsa lafiya lau, yana iya yanka yadi a miƙe ko da an ɗaure masa ido, amma layin ɗinki ya soma ɓace masa, tabarau kuma an gwada bai yi ba. Idan zare ya ƙare a babbar allurar da yake rufe bayan kujera da ita, sai ya miƙo ta gefe ba tare da ya juyo ba, Auta ta karɓa ta zura ta mayar masa, babu mai cewa uffan. Har tela ta kawo, sau biyu, don ya koyi aikin kafin ta tafi. Na farko Baba ya ce ƙafarsa ta yi wa keken nauyi, na biyu ya ce yana da yawan dariya. Mutumin da kullum yake gaya mata abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, shi ne ba ya hango ramin allura a tafin hannunsa, kuma ya gwammace 'yarsa ta rasa jami'a da dai bare ya sani. Auta tana sonsa, tana tausayinsa, kuma a 'yan kwanakin nan tana jin haushinsa ƙwarai.

In gaskiya za a bi, shi ya jawo, don a shagon nan ta kamu da son tarihi. Wasu masu gyaran ragwaye ne, sabon yadi suke ɗorawa a kan tsoho, saboda haka in aka kawo tsohuwar kujera aka fara farkewa, sai a yi ta tarar da riga a ƙarƙashin riga. Auta takan tsaya ta karanta su. Wannan yadin na lokacin da gidan ke da hali ne. Wannan na lokacin da yara suka yi yawa ne, ga inda aka zubar da tawada. Wannan kuwa mai gidan da kansa ya buga shi da ƙusar kafinta, Allah ya yafe masa. Daga kowane yadi takan yanki ɗan ƙyalle ta jefa a wani gwangwani. Malamarsu ta tarihi a sakandare ta taɓa ce musu, duk labarin da aka ba ku, ku tambayi wa ya bayar, sannan ku nemo wanda yana wurin amma bai ce komai ba. Maganar ta zauna mata daram.

Yanzu tsofaffin littattafan da ta sayo don kada ta shiga aji da kai wayam suna ƙarƙashin teburin keke, duk sun ɗauki warin gam. In aiki ya lafa sai ta zaro ɗaya ta karanta abin da ya samu, wani wurin ta gane, wani wurin ta maimaita har sai ya shiga. Tana tsoron zama cikin yara ƙanana da ita, masu saurin rubutu, su ga kantar da ke yatsunta su yi mata dariya. Tsoron bai hana ta wanke jakarta ta shanya ba.

"Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari," Baba kan ce in ya gan ta da littafi. "Ke kuma labarin za ki je ki yi wa digiri."

"Waiwaye adon tafiya, Baba."

"Mai yawan waiwaye shi ke faɗawa kwata."

Amma shi ma yana da nasa tarihin, kuma duk wanda ya zauna jiran aiki sai ya sha shi. Yadda ya buɗe shagon nan ba shi da komai sai guduma ɗaya da hannu biyu, babu mai taya shi, babu mai ce masa sannu. In ya zo nan sai ya daki hannun kujerar da yake zaune a kai, ya ce ita ce aikinsa na farko, mai ita ya ƙi karɓa, shi kuma ya riƙe abarsa. Kujerar na kusurwar shago, faffaɗa, ta lotsa daidai jikinsa. Dokar Baba a aiki ita ce a farke kujera har katako, don ɗora sabo a kan tsoho ha'inci ne a wurinsa. Sai dai tasa kujerar, duk sanda ta tsufa, da kansa yake ɗora mata sabon yadi a kan na da, bai kuma yarda kowa ya kai mata almakashi ba. Mai walda ya ce ai wanzami ba ya son jarfa. Auta kuwa ta daɗe tana ganin ruwa ba ya tsami banza.

Ranar da ya tafi kasuwa sayen soso, aka bar ta ita da kujerar suna kallon juna. Sifirin ɗaya ya huda ledar, kullum yana yagar masa riga. Ta gaya wa kanta kyautar bankwana za ta yi masa, ta gyara masa wurin zama kafin ta tafi. Rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin haushi ne da son sani. Ta kifar da kujerar ta ɗauko filaya.

Ledar ruwan ƙasa ta fita. Ƙarƙashinta koren yadi, wanda ta tuna tun tana firamare. Ƙarƙashinsa wani mai furanni, wanda ba ta taɓa gani ba sai a hoton da aka ɗauki Yaya yana rarrafe. Duk aikin Baba ne, ta san hannunsa kamar yadda ta san tarinsa: ɗinki manya-manya a jere, kowanne ya kwanta gefe guda. Da ta ɗaga mai furannin sai ga shuɗin yadi mai kauri, ya koɗe, amma ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Ta ja kujerar zuwa taga don ta ga bayan, inda aka rufe da hannu.

Ɗinkin ƙanana ne, a matse, kuma sun kwanta ɗaya gefen. Mai ɗinki da dama ba ya kwantar da zare haka. Wannan hannun hagu ne. A ƙarshen layin an yi ƙulli biyu an cusa bakin zaren ciki. Wuri ɗaya kawai, kamar kamu guda, aka warware ɗinkin. Ramukan allurar farko na nan a jere, an maye gurbinsu da manyan ɗinkin Baba. Auta ta sa yatsa ta bi layin, ta ga ashe ta san ɗinkin nan. Shi ne a kalmasar duk wata rigar makaranta da ta taɓa sawa. Mutum ɗaya ke aiki da hagu a gidansu, ita ce Inna, mahaifiyarta.

Tunda Auta ta yi wayo ba ta taɓa ganin Inna ta taka shagon nan ba. Gidan da shagon layi ɗaya suke, amma in Inna za ta kasuwa, tsallaka titi take ta bi ɗaya gefen. Yara sun tashi an ce musu warin gam ke tayar mata da ciwon ƙirji, suka karɓa yadda yara ke karɓar komai. Auta ta yanki ɗan ƙyallen shuɗin daga ƙasa inda ba ya ganuwa, ta roƙi mai walda ya sa mata ido a shago, ta nufi gida.

Ta tarar da Inna a kicin tana yanka albasa, wuƙa a hagu. Ta ajiye ƙyallen kusa da faranti. Inna ta dube shi, ta ci gaba da yanka.

"Ina kika samo wannan?"

"A jikin kujerar Baba. Inna, ke kika ɗinka ta."

"Ya yar da shuɗin nan tun kafin a haife ki."

"Bai yar ba. Yana nan gaba ɗayansa. Ɗorawa ya yi ta yi a kai."

Wuƙar ta tsaya. Inna ta goge ido da bayan hannu, ta ce albasar bana ba ta da mutunci. Sannan ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta yi in tana girki.

"Guduma ɗaya da hannu biyu," ta ce. "Har nan labarin ke iske ni. To keken wa aka hau? Keken nan nawa ne, da shi na zo gidan nan. Shi yana yanka, ni ina ɗinki, ga cikin yayanki a gaba har ba na ganin ƙafata a kan feda. Ranar da mai kujerar ya zo karɓa, ya ce gefe ya karkace. Babanki bai ce mini kanzil ba. Ya ɗauki reza, a gaban mutumin, a gaban masu wucewa, ya warware mini ɗinki kamar wata 'yar koyo. Na tashi na ɗauki mayafina. Na ce masa ba zan sake taka shagon nan ba sai ranar da ya buɗe baki ya ce in zo in ɗinka masa."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce Allah ya sa alheri."

Auta ba ta san lokacin da dariya ta kuɓuce mata ba. Inna ta harare ta, sai dai ita ma gefen bakinta ya motsa.

"Inna, duk shekarun nan? Kuna gida ɗaya, kuna cin abinci tare, kuna hira."

"Ai ba faɗa muke ba. Magana na yi, ina jiran amsa."

"To ni fa? Kin san idonsa. Kin kuma san bana ce ta ƙarshe."

"Na sani." Muryar Inna ta sauka. "Bara da kika fasa, abinci ma ƙin shiga ya yi. Amma in na je ba a kira ni ba, na zama 'yar taimako. Ni kuwa ba taimako na yi a shagon nan ba, da ni aka kafa shi. Ya faɗa da bakinsa."

A hanyar komawa Auta ta gane inda ta samo taurin kanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ita kuwa ta gefe biyu ta gada. Ta ce tunda gado ne, gara ta mora.

Baba ya riga ta isowa. Yana tsaye a tsakiyar shago, soso a ƙasa bai ko kwance ba, yana kallon kujerarsa a kife cikin shuɗin yadinta. Mai walda da ya ga hadari ya haɗu, ya sulale ya koma ya kunna injinsa.

"Wa ya sa ki?" in ji Baba.

"Babu kowa. Sifirin ke yagar maka riga." Ta nuna masa ɗinkin da ke bayan kujerar. "Baba, hannu huɗu ne, ba biyu ba."

Ya sunkuya ya shafa bayan kujerar, yatsansa ya tafi kai tsaye wurin da aka warware, ba tare da lalube ba.

"Ta gaya miki na warware mata ɗinki."

"Ta gaya mini."

"Ta gaya miki abin da mutumin yake faɗa? Ba ta ji ba, ƙarar keke ta hana ta. Cewa ya yi wa ya ga mace a aikin kushin, a kira masa ita ya koya mata. Ita kuma ga ciki, ga ƙafa a kumbure. Na ce kafin ya buɗe mata baki gara in warware in mayar da hannuna, in zagi ne ya zage ni. Da ya ƙara magana na ce ya bar kujerar ya kama gabansa. Ba shi ya ƙi karɓa ba, ni na hana shi."

"Ka taɓa gaya mata haka?"

"Ta tambaya ne?"

Ga shaidu biyu, kowa da abin da ya gani, ga kujera a kife tana gaskata su duka. Aikin da Auta za ta je koyo ke nan, sai dai ba ta taɓa zaton a kan iyayenta za ta fara ba. Tausayinsu ya cika mata ciki. Ta kuma san tausayin nan shi ne tarkon, shi ya cinye mata bara, in ta sake shi zai cinye bana ya lashe baki.

"Baba, ni ban zo raba gardama ba," ta ce. "Ranar rajista zan tafi. Kafin nan zan ɗinka abin da na iya na jajayen nan, amma ba za su ƙare ba, kai ma ka sani tun ranar da ka karɓo su. Akwai mai ɗinki a gidanmu da ta fi ni, kuma ta san halin idonka tun kafin ni in sani. Ba bare ba ce. Magana ɗaya take jira."

"Yarinya ba ta ma fara karatun matattu ba, ta zo tana tone masu rai."

"Ka sa mini albarka bara. Ban mayar maka da ita ba, tana hannuna."

Bai ce Allah ya sa alheri ba. Bai ce komai ba, wannan kuwa a wurin Baba ci gaba ne.

Kwanakin da suka rage a kan keke Auta ta yi su, har idon sawunta ya kumbura. Jajayen kujeru suka ragu, amma tulin bai ko girgiza ba. Baba ya ƙi tayar da kujerarsa, ya kuma ƙi rufe ta. Ya kife bokitin gam ya koma zama a kai, yana yanka yana tsaki. A gida Inna ta guge mata kaya, ta ɗinke mata hannun jakar da ya fara saki, da ƙulli biyu a ƙarshe. Wajen cin abinci sai hirar tsadar soso da cunkoson motoci, kowa na kewaye maganar kamar rami a hanya. Yaya ya bugo waya daga inda yake, ya ce ta ƙara haƙuri mana, karatu ai ba guduwa yake ba. Ta ce masa in ya ajiye motar ya zo ya hau keken, sai ta duba. Ya ce layin ba shi da kyau, ba ya jin ta sosai.

Ba wai zuciyarta ba ta karye ba. Ranar da ta ga Baba ya kai ƙusa har bakin hanci yana neman kan ƙusar, sai da ta shiga bayan tulin soso ta yi kukanta, ta share, ta fito ta ci gaba da taka keke. Da yamma ta haɗa jaka: kaya, takardun rajista, littattafan nan masu warin gam, da gwangwanin ƙyallaye, shuɗin a sama.

Ranar tafiya da safe Inna ta ce za ta raka ta tasha. Suka fito tare. Da suka zo daidai shago, Inna ta tsallaka ɗaya gefen yadda ta saba, ta tsaya a inuwar wani kanti tana gyara mayafi. Auta ta shiga yin sallama.

Baba na zaune a kan keke. Rabon da ta gan shi a nan tun kafin ta karɓi keken. Ya ɗora jan yadi, zare ya tsinke masa. Ya lashi bakin zaren ya murza, ya sunkuya har goshinsa na taɓa ƙarfen keken, ya kai, zaren ya wuce ta gefe. Ya sake lasa, ya sake kaiwa, ya sake wucewa.

"Baba, zan tafi."

Bai juyo ba. Ya miƙo zaren ta gefe yadda ya saba.

Aikin ƙiftawar ido ne, yatsunta har sun motsa da kansu. Amma ta san in ta zura wannan, zai ce ta ɗan ja masa layin farko ya gani, daga layi sai kujera, daga kujera sai motar safe ta tashi, a ce gobe ma rana ce. Ta kama hannun jakar da hannu biyu ta matse, daidai inda Inna ta ɗinke. Tunda take ba ta taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan tsayuwar ba. Hannun Baba na nan a miƙe, hawaye na zubo mata, ba ta karɓa ba.

"Ka yafe mini, Baba. Ba zan zura ba."

Hannun ya sauka a hankali. Ya zauna yana kallon zaren. Can sai ya tsinke guntu, ya dafa teburin keke ya miƙe, ya wuce ta gabanta ya fita. Ya jira wata mota ta wuce, ya tsallaka titi. Auta ta biyo shi zuwa bakin ƙofa, ta ga ya tsaya a gaban Inna, ya dubi ƙasa, ya dubi kantin, bakinsa ya motsa.

"Ban ji ba, Malam," in ji Inna. "Ƙarar walda ta yi yawa."

Mai walda, wanda ashe duk ƙarar nan kunnensa na kan titi, ya kashe injinsa nan take. Layin ya yi tsit. Baba ya waiwayo ya watsa masa harara, sannan ya gyara murya.

"Na ce ki zo ki ɗinka mini. Idona ba ya gani. Keken ma ai naki ne."

Inna ta dube shi. Sannan ta sa hannun hagu ta zare guntun zaren daga yatsunsa.

"To," ta ce. "Ai da ka faɗa."

Suka tsallako tare. A bakin ƙofa Inna ta tsaya ta shaƙi warin gam har cikin ƙirji, ko tari bai zo ba. Ta shiga, ta shafa kan keken da yatsa ta duba.

"Wannan rabonsa da mai tun yaushe? Auta, haka kike riƙe mini keke?"

Ta sunkuya ta zura zaren a karo ɗaya, ta bar shi nan. Ta nufi kujerar da ke kife, ta bi layin ɗinkinta da ido har ta iso inda manyan ɗinki suka shigo.

"Jajayen nan za su jira," ta ce. "Malam, miƙo mini reza. Akwai kamu guda da zan warware tukuna."

Mai walda ya riga ya zo bakin ƙofa, ga kuma masu wucewa sun fara rage tafiya. Baba ya dube su, ya dubi matarsa, ya lalubo reza a aljihu ya miƙa mata.

"Inna, tashar fa?" in ji Auta.

"Wadda za ta jami'a ba ta ɓata a hanyar tasha. Zo nan." Inna ta rungume ta da hannu ɗaya, rezar na ɗaya hannun, ta yi mata addu'a a kunne, ta ce ta riƙa cin abinci, kada ta bari littafi ya ƙwace mata ido irin na wasu.

Baba ya ɗora mata hannu a ka, hannun nan mai kaushi da warin gam. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Je ki," ya ce. "In an ce ki rubuta, ki rubuta hannu huɗu."

Ta saɓi jakarta ta fito ita kaɗai. Babu wanda ya rako ta, abin ya ɗan sosa mata rai, ya kuma yi mata daɗi fiye da rakiya. Sai da ta kai kwanar layi ta waiwaya. Ta hango su ta ƙofa sun sunkuya a kan kujerar, Baba na riƙe yadin, Inna na nuna masa cewa ba haka ake riƙewa ba. Auta ta gyara jakar a kafaɗa, ta ɗaga ƙafa don kada motar safe ta tashi ta bar ta.